Jawabin Yaye Ɗaliban Sakandare a Kakuri: Ma'aunin Cikar Namiji da Tarbiyyar 'Ya'ya Maza da Mata

 Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna wa iyaye da malamai wannan rana, bayan shekaru shida na karatu waɗanda suka ci kuɗi da ƙarfi da haƙuri mai yawa. Tun da yake waɗanda ake yayewa samari ne da 'yan mata da za su riƙe gidajen kansu nan ba da daɗewa ba, ya dace jawabin yau ya tsaya a kan tambaya guda: da wane ma'auni mutanen Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha suke auna cikar namiji, kuma wace irin tarbiyya wannan ma'auni yake haifarwa a cikin gida?

Unguwannin da ke tsallaken kogin Kaduna ta kudu sun bunƙasa ne a gindin masana'antu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, zamanin Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, sannan masaƙun Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a cikin shekarun 1960. An kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, aka kuma buɗe matatar mai a 1980. Hausawa da Bajju da Atyap da Ham da Tibi da Yarbawa da Ibo suka kwararo neman aiki, suka zauna tare da Gbagyi da suka tarar a wurin, Hausa ta zama harshen kasuwa da na bakin aiki. A ƙauye ana gane magidanci da gandu, wato gonar iyali da 'ya'ya da ƙanne ke nomawa a ƙarƙashin maigida, da kuma rumbun da yake ciyar da su har kaka ta zagayo. A Kakuri kuwa albashin ƙarshen wata ne ya maye gurbin gandu da rumbu, cikakken namiji ya zama wanda ke ba da kuɗin cefane kullum safiya, ya biya haya da kuɗin makaranta, ya ɗinka wa iyali atamfa da Sallah ko Kirsimeti, ya kuma aika wa iyayensa wani abu a gida.

Wannan ma'auni yana da kyawunsa, domin ya koya wa maza tashi da wuri da kiyaye lokaci da ɗaukar nauyin wasu, sai dai ya dogara kacokan ga abin da ba ya hannun mai shi. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin man da ake hura tukwanen masaƙu da shi suka ƙara nauyi. Yadudduka masu arha daga Sin, waɗanda ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya, suka mamaye kasuwa. KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi sahu ba da jimawa ba, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Dubban magidanta suka wayi gari ba aiki, da yawansu suka shafe shekaru suna jiran kuɗin sallama, wasu har suka riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba.

A wannan tsakani mata ne suka tallafe gidaje masu yawa, da tuyar ƙosai da waina, da ɗinki da kitso, da kasa kayan miya a kasuwannin Kakuri da Sabon Tasha, da koyarwa da aikin jinya, da adashe, wato zubin kuɗi na karɓa-karɓa wanda da shi aka biya kuɗin jarrabawar yara masu yawa. Aikin ciyarwa ya koma hannun uwa, amma ma'aunin bai sauya ba, don haka yaron da ya tashi a lokacin ya ji ana cewa namiji shi ne mai ciyarwa, alhali yana ganin mahaifinsa zaune a majalisa hannu rabbana. Idan aka taƙaita mazantaka ga kuɗi da ƙarfi, kuɗin kuma ya gushe, ƙarfin ne kaɗai ke saura. Rikicin Shari'a na 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011 suna da dalilansu na siyasa da addini, amma samari ne aka tura gaba a kowannensu, su ne suka yi kisa, su ne kuma aka fi kashewa, har birnin ya rabu biyu, kogi ya zama iyaka tsakanin mutanen da iyayensu suka yi aiki a kan inji ɗaya. Ƙungiyoyin sara-suka, wato gungun matasa masu yawo da wuƙaƙe da adduna, da shan maganin tari mai kodin wanda Gwamnatin Tarayya ta haramta a 2018, duk daga wannan tushe suke shan ruwa.

Al'adar Hausa tana da ma'auni da ya girmi albashi. Masani A. H. M. Kirk-Greene ya tattara shi a wata lacca da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki, inda ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ko ɗaya daga cikinsu da rufe masaƙa zai iya ƙwacewa, babu kuma wanda aka keɓe wa mace ko namiji. Addinan biyu da mazauna wannan yanki ke bi sun tafi a kan haka. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa hidimar gida, kuma ya siffanta ƙaƙƙarfa da mai mallakar kansa lokacin fushi. Littafin Karin Magana a Littafi Mai Tsarki ya fifita mai jinkirin fushi a kan jarumin yaƙi, wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa kuma ta ɗora wa miji ƙaunar matarsa har ta kai ga sadaukar da kai. Kaduna ta ga wannan a aikace: Fasto James Wuye ya rasa hannunsa, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf, lokacin da kowannensu ke jagorantar matasan ɓangarensa, amma suka haɗu a 1995, suka ajiye ramuwa, aikinsu ya kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a watan Agustan 2002.

Matsalar tana cikin yadda ake raba waɗannan halaye a gida. Yarinya tun tana ƙarama ake koya mata shara da wanke-wanke da girki da renon ƙanne, ana tambayar inda ta je da wanda ta tsaya da shi, ana nanata mata kunya da haƙuri dare da rana. Ɗan uwanta kuwa yakan ci abinci ya bar kwano a inda ya zauna, ya fita ba a san inda ya nufa ba, ya dawo bayan isha'i, in an yi magana a ce ai namiji ne. In ya yi kuka a ce namiji ba ya kuka, in ya girma ya shawarci matarsa a kira shi mijin-tace, wato wanda ba ya ƙetare maganar mace. Sakamakon shi ne a tarbiyyantar da mace domin aure, a bar wanda za ta aura ga titi ya tarbiyyantar, sannan a yi mamakin yawan saki da duka a gidajen aure. Gidan horar da kangararrun samari da ke Barnawa, wanda yake nan tun farkon shekarun 1960, yana karɓar yaran da gyaransu ya fi sauƙi tun suna gaban iyaye, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ita ma yarinya tana da nata haƙƙin da ake tauyewa, idan aka ɗora mata talla a lokacin makaranta, ko aka cire ta daga aji domin kuɗin da ake da shi ya ishi ɗan uwanta. Wannan ba gadon magabata ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda malamai mata masu jagora, waɗanda ake kira jaji, ke kai ilimi ƙauyuka. A nan Kakuri, makarantar 'yan mata da 'yan mishan Katolika suka buɗe a 1940 da sunan Queen of Apostles College, wadda gwamnati ta karɓa a farkon shekarun 1970 ta sa mata sunan Sarauniya Amina, ta yaye likitoci da malamai da ma'aikata masu yawa. A 2019 Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe ta zama mace ta farko da aka zaɓa mataimakiyar gwamnan Jihar Kaduna. Abin da gidajen Kakuri suka gani bayan rufe masaƙu ya isa hujja cewa ilimin mace da sana'arta su ne madogarar iyali ranar da hannun maigida ya gaza.

Saboda haka ana kira ga iyaye maza su zauna da 'ya'yansu maza, su san abokansu da abin da suke kallo a waya, su bari yaro ya ga mahaifinsa yana ba da haƙuri idan ya yi kuskure. Ana kira ga iyaye mata su raba aikin gida tsakanin yara ba tare da duba jinsi ba, domin yaron da ya iya dafa abincinsa da wanke kayansa ba zai raina mai yi masa ba. Ana roƙon limamai da fastoci su ba haƙƙin mata a kan maza fili a huɗuba da wa'azi daidai da wanda suke ba haƙƙin maza a kan mata. Ga hukuma kuma, dokar kare yara da dokar hana cin zarafin jama'a, waɗanda Jihar Kaduna ta kafa a 2018, suna buƙatar aiwatarwa, tare da wuraren koyon sana'a da za su karɓi matasan da masaƙu ba su nan balle su ɗauka.

Samarin da ake yayewa za su fita zuwa kasuwar aiki mai wuya, kuma wajibi ne su nemi halal da guminsu, ko da walda ce ko gyaran waya ko tuƙin keke, su kuma san cewa ranar samu da ranar rashi duk da gaskiya da amana da riƙe fushi za a auna su. 'Yan matan su ci gaba da karatu iyakar iyawarsu, su riƙe sana'a, su duba halin mai neman aurensu kafin aljihunsa.  Allah ya albarkaci waɗannan ɗalibai, ya sa su zama sanyin idon iyayensu, ya zaunar da Kaduna lafiya kudu da arewa, ya mai da kowa gidansa lafiya.