Wa Zai Biya Kuɗin Wasa? Jawabi a Taron Shekara-shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Shugaban wannan taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai da suka koyar da mu, da waɗanda ke koyarwa a yanzu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro gida lafiya. Malamanmu da 'yan ajinmu da suka riga mu gidan gaskiya kuwa, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana a bana, sai na tambaye shi a kan me. Ya ce a kan abin da na fi sani. To, 'yan ajinmu sun san ban taɓa zuwa na ɗaya a lissafi ba, ga Malam nan zaune, shi ne shaida. Abin da aka san ni da shi shi ne manna gemun auduga in fito a tsoho mai rigima kowane daren Lahadi a ɗakin cin abinci. Saboda haka a kan wasan kwaikwayo zan yi magana, amma ta gefen da ba a cika son taɓawa ba, watau kuɗinsa. Dalilina kuwa shi ne, da na zagaya makarantar nan jiya, na tambayi yara ina 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo, sai suka tsaya suna kallon juna. Babu ita. Ba su ma san an taɓa yi ba.

A zamaninmu mun ɗauka wasa ba ya cin ko kwabo. Zannuwan gado ne labulenmu, teburan cin abinci ne dandamalinmu, fitilar aci-balbal kuma aro muke yi daga wurin mai sito. Sai da na girma na gane ashe akwai mai biya. Gwamnati ce ta sayi zannuwan, ita ta zuba kananzir, ita kuma ke biyan albashin malamin Hausa da ke zama da mu muna gwaji har ƙarfe goma na dare.

Haka abin yake tun asali, kuma mu mutanen wannan yanki mun fi kowa hakkin sanin haka. Littafin wasan kwaikwayo na farko da Bahaushe ya rubuta aka buga shi ne Wasan Marafa na Alhaji Abubakar Tunau, mutumin Mafara, wanda ya fito a 1949. Duk wanda ya karanta shi ya san a kan tsafta da kiwon lafiya yake. Ba a banza ba. Hukumomin da ke buga littattafai a Zariya a wancan lokaci kuɗin gwamnati suke kashewa, abin da gwamnati ke so kuwa shi ne a wayar da kan jama'a, don haka wasan da ya zo da darasi shi ke samun hanyar injin ɗab'i. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi, masu yi wa azzalumai da 'yan cuta shaguɓe, ba a buga su ba. Shu'aibu Maƙarfi kuwa ta gidan rediyo ya bi, kafin a buga masa Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Daga baya gidajen rediyo da talabijin suka zama iyayen gidan 'yan wasa. A Kaduna aka yi su Ƙasimu Yero da Samanja Mazan Fama, a Jos aka yi Karkuzu, a Sakkwato kuma aka yi namu, Shehu Jibril na Talata Mafara, wanda yaro da babba suka sani da Golobo. Wane ne a cikinmu bai taɓa leƙen talabijin ta tagar gidan malami don ya gan shi ba? Har Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya taɓa shirya gasar rubutu cikin harsunan gida, wadda ta fitar da Soyayya Ta Fi Kuɗi na Hadi Alƙanci a 1982.

Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, wannan rijiya ta fara ƙafewa. An dai fitar da manufar al'adu ta ƙasa a 1988, aka kuma kafa doka mai lamba 52 a 1991 don a buɗe asusun tallafa wa masu fasaha, amma shekara da shekaru 'yan wasa suka yi suna kukan cewa asusun a takarda kawai yake. Hukumar MAMSER da aka kafa a 1987 ta riƙa ɗaukar ƙungiyoyi su yi mata wasan faɗakarwa, sai dai wannan kwangila ce, in an gama an gama. Ƙungiyoyin Kano, irin su Tumbin Giwa da suka yi Turmin Danya a 1990, sai suka koma kaset ɗin bidiyo, inda mai kallo ne ke biya. Dandamali ya zama maraya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya same ni, don kada wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

Bayan na ajiye aiki na koma gida Damaga, na tara samari muka kafa 'yar ƙungiya. Muna nan sai wani ɗan'uwa ya turo mini sanarwa ta waya cewa wata ƙungiyar ƙasar waje za ta ba da tallafi ga masu wasan kwaikwayo a kan zaman lafiya. Tallafi fa, ba rance ba. Na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na yi kwana bakwai ina rubutu, na zuba tarihin garinmu, na zuba karin magana, na yabi ƙungiyar har na gaji. Amsar da ta dawo ba ta kai layi biyar ba. Ba su ma karanta wasan ba, domin tun a shafin farko muka faɗi. Sun nemi lambar rajistarmu ta hukumar CAC, ba mu da ita. Sun nemi asusun banki da sunan ƙungiya, na ba su nawa na fansho. Sun nemi shaidar wasannin da muka yi a baya, alhali ko hoto ɗaya ba mu taɓa ajiyewa ba. Na yi fushi ƙwarai, har na ce ai dama su na Abuja suke ba junansu. Da zuciya ta huce sai na tambayi kaina: in wani ya zo mini daga Argungu, ban san shi ba, ba shi da takarda, ya ce in zuba masa kuɗi a aljihu zai yi wasa, zan ba shi?

Abin da ake bukata ba boyayye ba ne. A yi wa ƙungiya rajista a matsayin mai amintattu, da tsarin mulkinta a rubuce, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. A karɓi lambar haraji. A karɓi takardar SCUML, wadda ke ƙarƙashin hukumar EFCC, domin banki zai nema kafin ya buɗe wa irin wannan ƙungiya asusu. A sa mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Sannan a iya rubuta kasafi, wanda shi ne ya fi ba ni wahala, Malam kuma zai ce alhakin lissafinsa ne ya kama ni. Ba a rubuta "kayan wasa" a dunƙule. Sai ka faɗi yadi nawa, hayar amsa-kuwwa kwana nawa, man janareta lita nawa, kuɗin mota daga ina zuwa ina.

Karo na biyu mun samu, amma ta hannun wata ƙungiya mai rajista da ta raɓa mu a jikinta, ta kuma cire nata kason. A nan na koyi darasin rasit. Mai shayi ba ya ba da rasit, ɗan kabu-kabu ba ya bayarwa, matar da ta dafa mana tuwo ma haka. Sai da muka sayi littafi kowa yana dangwala yatsa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, akwai wata fitowa da na fi so a wasan, inda talaka ke tambayar mai unguwa ina aka kai takin da aka ce an raba, sai jami'in shirin ya ce a cire ta, wai ba ta cikin manufa. Na cire. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ba na zarginsa, kuɗinsu ne, sun kuma faɗi abin da suke so tun farko. Ko tashar Arewa24 mai Daɗin Kowa, da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta fara a 2014, kuma don yaɗa zaman lafiya aka ba da shi. Mai ba da tallafi yana da tasa bukata, in ta dace da taka sai ku tafi tare.

Wasu za su ce ai akwai manyan kyaututtuka. Akwai. Kamfanin gas na NLNG yana ba da dala 100,000 ga gwarzon adabi, kuma wasan kwaikwayo na samun zagayensa duk shekara huɗu. Ahmed Yerima ya ci a 2006, Obari Gomba ya ci a 2023. Amma da Turanci ake shiga, kuma sai littafi ya riga ya fito. Shirin da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2019 don masu fasaha rance ne, kuma fim da waƙa da ɗinki da kwamfuta ya dosa. Gidauniyar Prince Claus ta ƙasar Holan ta fara ba matasa masu fasaha 100 Yuro 5,000 kowannensu a 2021, sai dai da duniya baki ɗaya za ka yi takara. Ban ce kada yaranmu su nema ba, su nema, amma kada a ɗora tukunya saboda su. Ƙofar da na ga ta fi kusa da mu ita ce ta jami'o'i. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara kai wasa ƙauyuka, irin su Soba da Maska, tun kafin 1980, malamansa kuma sun daɗe da sanin yadda ake rubuta takardar neman tallafi. Ga jami'ar tarayya a Gusau, ga ta jiha a nan Mafara. Masu ba da kuɗi sun fi sakin jiki in suka ga sunan jami'a a kan takarda, musamman ma da yake tun bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021 ba kowane baƙo ke yarda ya zo ya ga aiki da idonsa ba.

Akwai kuma wasan da na tabbata babu wata gidauniya da za ta biya, ga shi kuwa shi ne na fi son in gani kafin in mutu. Ina nufin labarin Bakolori. An gama dam ɗin a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya gina, ruwa da injuna suka cinye gonakin mutanen Maradun da Mafara da Bakura, aka yi ta jan manoma a kan diyya, har suka tare hanyoyi, aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilun 1980. Har yau ba a daidaita a kan yawan waɗanda suka mutu ba. Wasu a cikin ɗakin nan iyayensu na wurin. Tsofaffin da suka gani suna ta ƙarewa, jikokinsu kuma in ka ce Bakolori sai su ɗauka shinkafa da kifi kawai kake nufi. Wannan labari namu ne, in ba mu biya ba babu mai biya. Kakanninmu ma ai ba su rubuta wa kowa takarda ba kafin su yi kalankuwa bayan kaka, inda samari ke naɗa nasu sarki da alƙali. Damin da aka samu a gona shi ke ɗaukar nauyi. Yaran da ke tashe da azumi kuwa, gidan da suka shiga shi ke sallamarsu da hatsi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Don haka, ya shugaba, ga roƙona. Wannan ƙungiya tamu ta fi shekara nawa tana taro, amma da na tambayi ma'aji sai ya ce mini ita ma ba ta da rajista, kuɗinmu a asusunsa yake. Ba na zarginsa da komai, mutum ne mai amana tun muna aji ɗaya, amma shi ma nauyi ne a kansa. Mu yi rajista a bana. Muna da lauyoyi a cikinmu, muna da akantoci, ba sai mun yi hayar kowa ba. Mu buɗe asusu na musamman don wasan kwaikwayo, kowa ya riƙa zuba naira 5,000 a shekara, mai hali ya ƙara. Da wannan za mu ba malamin da zai riƙe ƙungiyar ɗalibai ɗan ihsani kowane zango, mu ɗinka labule na gaske, mu sa kyauta ga ɗalibin da ya rubuta wasa mafi kyau da Hausa. A riƙa yi da rana tsaka, tunda yanzu dare ba namu ba ne. Kowane wasa a ɗauke shi da waya, a ajiye hoto, a ajiye rasit, domin bayan shekara biyu ko uku mu sami abin nunawa in mun je neman tallafi daga waje. In abin ya kankama sai mu gayyato makarantun Bakura da Maradun da Mafara a yi gasa.

Ni na ɗauki alkawarin zuwa kowace Asabar in zauna da yaran, muddin hanya ta yi kyau, kuma gemun audugar ma yanzu ba sai na manna ba. Na bar takarda a hannun sakatare, ana bukatar mutum biyar da za su tsaya a matsayin amintattu. Na riga na rubuta sunana a lamba ta ɗaya, ina kuma roƙon Malam ya yarda a sa nasa a ta biyu, don ya riƙa duba mana lissafi.