Wace Na'ura Ce Ta Zama Dole a Asibitinmu? Duba Daga Fagge da Sabon Gari



Tun 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Na'urori kuwa an daɗe ana sayensu da ka. Sai a 2007 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su tsara yadda za su riƙa tantance kayan aikin asibiti da sayensu da kula da su. Daga nan jeri ya yi ta fitowa: na mata masu ciki da jarirai da yara a 2015, na ciwon daji a 2017, na gwaje-gwaje a 2018, na ciwon zuciya da ciwon suga a 2021. Duk waɗannan na duniya ne. Aikin tacewa yana wuyan kowace ƙasa, a tsarinmu kuma rabinsa yana wuyan jiha, domin ita ke riƙe da manyan asibitocin gwamnati irin na Sheikh Muhammad Jidda da Asibitin Zana da ke nan ƙaramar hukumar Fagge.

Abin da na zo da shi guda ne. Ba a gama zaɓen na'ura ba sai an zaɓi wutar da za ta ci, da kayan da take cinyewa kullum, da mutumin da zai gyara ta. Wanda ya sayi na'ura bai tanadi waɗannan ba kamar wanda ya sayi doki ne bai tanadi ciyawa ba.

A 2011 Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke ta Amurka suka wallafa nazarin da ya bi kayan asibiti sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka tarar kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Dalilan da suka fi yawa su ne rashin horo, da rashin tsarin kula da kayan, da rashin abubuwa irin su wuta. Duk wanda ya taɓa leƙa sito a asibitocinmu ya san wannan ba labarin nesa ba ne.

Mu ɗauki na'urar GeneXpert ta gwajin tarin fuka, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Na'ura ce mai albarka, cikin kimanin awa biyu take nuna ko akwai cutar, har da ko ta bijire wa maganin rifampicin. To amma ba a so zafin ɗakin da take ya wuce digiri 30, ba ta son ƙura, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar gwaji, an yi asarar kwanson gwajin da samfurin majinar baki ɗaya. A Kano zafin Afrilu yana haura digiri 40, hunturu kuma ƙura ce har cikin aljihu. Saboda haka a takardar sayenta dole a ga na'urar sanyaya ɗaki, da sola da batir, da yarjejeniyar gyara. Haka na'urar da ke tace iskar oksijin take: wutarmu mai hawa da sauka tana ƙona ta, ƙura tana toshe matatarta. Kuma in babu ɗan abin nan da ake maƙala wa yaro a yatsa don auna iskar da ke jininsa, ma'aikaciyar jinya ba ta da hanyar sanin wa za ta fara sa wa oksijin.

Darasi mafi girma kuwa daga Kano ya fito. A watan Mayun 2023 aka wallafa sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. An yi shi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Jigon kayan aikin wata leda ce mai mazubi da layukan awo, ana shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin ya taru a ciki. A da ungozoma da ido take kintace, ido kuwa yakan raina jini, ba a farga sai mace ta fara sanyi. Da ledar, ana ganin jini ya kai layin haɗari sai a haɗa mata komai lokaci guda: tausa mahaifa, allurar da ke matse ta, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Ledar ba ta cin wuta, ba ta neman injiniya. Ina roƙon masu tsara kasafi su riƙa tuna wannan leda duk lokacin da aka kawo musu takardar wata ƙatuwar na'urar da za a yanke kyalle a gabanta. Ban ce kada a sayi manyan na'urori ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala suna buƙatarsu. Cewa nake a fara ƙirga abin da ke kashe mutane, sannan a bi mazaɓu 484 na jihar nan a ga ko ɗakin haihuwar kowace na da ma'aunin hawan jini mai aiki.

Sai kasuwa. Ko mun so ko mun ƙi, a Sabon Gari ake yanke hukuncin irin ma'aunin suga da na hawan jinin da ke shiga asibitoci masu zaman kansu da gidajen jama'a. Mai ciwon suga zai sayi na'ura da araha, bayan wata biyu ya dawo neman tsinken gwajinta a ce ya yanke a kasuwa, alhali na wani kamfanin ba ya shiga tata. Ɗan kasuwa ba shi da laifi, babu wanda ya gaya masa wace iri hukuma ta tsayar. Tun da aka tilasta wa masu sarin magani komawa cibiyar Dangwauro a Fabrairun 2024, an samu wuri guda da za a iya zama da su. A ba su jerin na'urorin da jiha ta tace, a nuna musu nau'i biyu ko uku masu rajistar NAFDAC da jiha za ta riƙa saye, su kuma su tabbatar kayan da na'urorin ke cinyewa ba sa yankewa.

Ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha, shawarata ita ce a soma da ƙidaya a Fagge: me ke akwai, me ke aiki, me ya lalace, kuma saboda me. Kyautar na'ura ma kada a karɓa sai tana cikin jerin kuma ta zo da kayan gyaranta. Sannan a ɗebi matasan da ke gyaran kayan lantarki a Sabon Gari a ba su horo na musamman, a ɗauke su aiki, kowane babban asibiti ya samu nasa mai gyara da kuɗin gyara a rubuce cikin kasafin shekara.