Jawabin Shugaban Taro a Bikin Ƙaddamar da Kundin Gajerun Labaran Ban Tsoro da Almara a Kano

A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim, Bismillahir Rahmanir Rahim. Yau kam wannan ta'awizin ya zo a kan gaɓa, tunda littafin da ke gabanmu cike yake da mutanen ɓoye.

Mai girma wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, mai girma babban mai ƙaddamarwa da mataimakansa, mai girma uwar taro, shehunan malamai na sassan harsunan Nijeriya daga jami'o'inmu da kwalejojinmu, mai sharhin littafi, shugabannin ƙungiyoyin marubuta na Kano da na maƙwabta, baƙinmu da suka taso tun daga Maraɗi da Damagaram, 'yan kasuwar littafi, 'yan jarida, ɗalibai, iyayena mata da 'yan'uwana maza, sai kuma 'ya'yana marubutan wannan kundi, waɗanda dominsu muka hallara: Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Duk wanda ban ambaci muƙaminsa ba ya yafe mini. Yaran da suka tsara mini takardar nan sun cika shafi ɗaya da rabi da gaisuwa, na ga in na bi ta duka sai la'asar ta same mu a nan.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar in shugabance shi, duk da cewa ni a gidana an san ni da tsoron fita tsakar gida da dare in babu fitila.

An ba ni kundin nan makonni biyu da suka wuce, na karanta shi daga bango zuwa bango. Akwai labarin rijiyar da ke kiran sunan mutum da muryar mahaifiyarsa. Akwai na ɗan acaɓan da ya ɗauki fasinja a bakin maƙabarta. Akwai na wata yarinya da ta farka ta tarar da Kano bayan shekara ɗari, babu ruwa sai na sayarwa a ma'auni kamar man fetur. Wannan na ƙarshe, 'yata, ban san ko almara kika rubuta ko rahoton unguwarmu ba.

Wasu sun tambaye ni, me ya kai dattijo kamarka wurin labarin aljanu da fatalwa, ba kwaikwayon Turawa ba ne? Ga amsata. Ni a ɗakin kakata na fara jin tsoro mai daɗi, ana kashe aci-balbal, mu cure a kan tabarma ɗaya, ta ja murya ta shiga labarin Dodo da yarinyar da ta ƙi jin maganar iyaye. In ta kai inda Dodo ke sunsuna ƙofa sai ta yi shiru, ta ƙwanƙwasa ƙwarya da yatsa sau uku. Duk wanda fitsari ya kama a wannan dare sai dai ya riƙe shi har asuba. Babu Baturen da ya koya mata wannan.

A rubuce ma haka abin yake. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma duka biyun sun ratsa ƙasar aljanu sun dawo. Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi yawo sararin samaniya. NNPC ce ta buga, ta Zariya mai littafi, ba waccan mai dogon layi ba. Da zamanin adabin kasuwar Kano ya zo, irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka hana samari barci da labaran matsafa da sadaukai da biranen da babu su a taswira. Saboda haka 'ya'yana, ba ku zo da baƙon abu ba, gadon gidanku kuka ɗauka.

Sai dai gado yana son kiwo, kuma kiwon marubuci karatu ne. Ku nemi Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya tattara, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913. Ku nemi tatsuniyoyin da Rattray ya buga a 1913, waɗanda wani malami Bahaushe ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yau ake kira Gana. Ku karanta Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, da Dare Dubu da Ɗaya. Ku leƙa maƙwabta: Fagunwa ya rubuta labarin maharbinsa na dajin aljanu da Yarabanci tun 1938, Wole Soyinka ya mayar da shi Turanci a 1968, Amos Tutuola kuma ya girgiza Ingila a 1952 da labarin mashayin bammi da ya bi mai yi masa ɗiba har garin matattu. Sannan ku zauna da tsofaffi tun suna raye. Ku ji yadda ake cewa maye yana kama kurwa ya ɓoye ta, da yadda ake sa shi ya tsallake wanda ya kama. Ku ji labarin Jangare, birnin iskoki, da dalilin da ya sa ba a zama a gindin tsamiya da tsakar rana, ba a kuma zuba ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba. Ban ce ku yi imani da su ba, malamai suna nan a gaba suna kallona. Cewa na yi ku san su, domin a kundin nan na ga wani ya kawo mana gawa mai shan jini a wuya, sanye da baƙar alkyabba, a tsakiyar Fagge. Ɗana, wannan baƙo ne, ko hanyar Kantin Kwari bai sani ba. Mai karatu ba ya jin tsoron abin da bai taɓa zargin yana bayan ɗakinsa ba.

Game da kasuwa kuwa, ƙofofi sun buɗe waɗanda mu ba mu same su ba. Tun 2014 Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa mujallar Omenana a intanet domin irin wannan rubutu kaɗai. Tun 2017 ake ba da kyautar Nommo ga marubutan almara na Afirka, kuma Tade Thompson ne ya fara cin ta littafi da Rosewater, wanda ya sake cin kyautar Arthur C. Clarke a Ingila a 2019. Nnedi Okorafor ta ɗauki Hugo da Nebula da labarinta Binti. Oghenechovwe Donald Ekpeki, yana zaune a nan Nijeriya, ya ci Nebula a 2022. A 2023 ƙungiyar marubuta labaran ban tsoro ta karrama Nuzo Onoh da lambar Bram Stoker ta hidimar tsawon rayuwa. Duk 'yan ƙasar nan ne ko 'ya'yan 'yan ƙasar nan. A gida kuma ga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, domin 'ya'yanmu mata. Waɗancan na waje galibi da Turanci suke karɓa, don haka ina roƙon shehunan malamai su ba mu ɗaliban fassara, a haɗa kowane marubuci da mai fassara. Kuma ina gargaɗi: a watan Fabrairun 2023 mujallar Clarkesworld ta Amurka sai da ta rufe karɓar labarai na wani lokaci saboda mutane sun cika ta da abin da kwamfuta ta rubuta musu. Kada in ji sunan ɗayanku a wannan sahu.

To, a nan takardar da aka rubuta mini ta ce in yaba wa kowa in zauna. Zan ajiye ta tukuna.

Ƙungiyar marubuta wannan fanni a Amurka ta tsayar tun 2019 cewa ladan ƙwararre shi ne aƙalla santi 8 na dala a kan kowace kalma. Ku yi lissafi: labari mai kalma 3,000 dala 240 ke nan. Ban kawo wannan don in sa ku kwaɗayi ba. Na kawo shi ne don mu tambayi kanmu, mu nawa muke biyan kalma ɗaya ta Hausa? Mai yankan farce ana biyansa. Mai ga-ruwa ana biyansa. Mai wankin hula ana biyansa. Marubuci kaɗai ne ake ce wa Allah ya ƙara basira, a wuce.

Da can, ko da ana kukan 'yan kasuwa, akwai tsari. Ka buga littafi, ka kai Sabon Gari, dillalai su raba shi Sakkwato da Jos da Maraɗi. Akwai masu shagon haya a unguwa, yarinya ta ba da 'yan kuɗinta ta karɓi littafi an naɗe bangonsa da leda, ta dawo da shi gobe ta karɓi na biyu. Mai shagon ya sayi kwafinsa da kuɗi, ko ba komai wani abu ya shiga aljihun marubuci. Yau fa? Yarinya ta kwana tana buga labari da babban yatsa a waya, ta sa kuɗi kaɗan ga mai son karantawa, mutum ɗaya ya biya, kafin azahar ya watsa shi a zaurukan WhatsApp goma. Wani kuma ya kwashe shi ya karanta a YouTube da muryarsa, ya sa kiɗan ban tsoro a ƙasa, ya karɓi kuɗin talla, ko sunan mai shi bai ambata ba. In ta yi magana a ce ai tallata ki ake yi. Wace irin talla ce za a sace akuyarka a ce ana nuna wa duniya kana da kiwo? Manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks da wasu suka dogara da ita ta rufe a 2023. Ga dokar haƙƙin mallaka sabuwa da aka sa wa hannu a 2023 ɗin, ta kuma shafi abin da ake sa wa a intanet, amma nawa ne cikin yaran nan ke da kuɗin lauya? Shugabannin ƙungiyoyi, maimakon rigimar wa zai zama sakatare, ku haɗa kuɗi ku ɗauki lauya ɗaya, ku kai ƙara ɗaya gaban Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka. Ɗaya tak. In aka ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sauran za su nemi ruwa.



Amma ɓarawon intanet ba ya cikin ɗakin nan, ko in yana nan ya sunkuyar da kai. Wanda ke cikin ɗakin nan shi ne mai alkawari. Ku gafarce ni, manyan baƙi, abin ya taɓa cina. Shekarun baya na ƙaddamar da ɗan littafina a wani zaure kamar wannan. Aka yi ta miƙewa ana cewa na sayi kwafi ɗaya a kan kaza, ana tafi, maroƙi na kirari. Da aka tara lissafi a takarda, matata har ta fara zancen canza rufin ɗaki. Wata shida na yi ina zarya ofis-ofis. Yallaɓai ya fita. Yallaɓai yana ganawa. Yallaɓai ya tafi Umara. Wani ya ba ni cek, na kai banki, yaron da ke kan kanta ya duba, ya dube ni, ya ce, “Baba, ku koma ku yi magana da mai shi.” A ƙarshe abin da na karɓa bai biya kuɗin hayar kujeru da lemon da aka sha ba, mai maɗaba'a kuwa sai da na sayar da babur ɗina na sallame shi. Daga wannan littafi ban ƙara buga wani ba. Ga shi kun gan ni, na koma shugaban taro.

Ba na son yaran nan su zama shugabannin taro tun suna da ƙuruciya. Na tambaya, an gaya mini karo-karo suka yi suka buga kundin nan, wata har da kuɗin adashinta. Don haka na roƙi kwamiti abu ɗaya, sun kuma amince. Yau babu “za a ji daga gare ni”. Ga tebur can a bakin ƙofa, ga na'urar POS, ga lambar asusu an rubuta da manyan baƙaƙe. Wanda ya yi niyyar dubu biyar ya ba da ita yau ya fi mana mai miliyan ta baki. Da sabon gini gara yaɓe, kuma kowa ya san alkawari kaya ne. Mai sanarwa, kada ka faɗi adadin kowa a lasifika sai ma'aji ya ɗaga maka hannu cewa ya shigo. Babban mai ƙaddamarwa na san shi, ba ya cikin waɗanda nake nufi, shi ya sa ma ya fi kowa dariya.

Ku kuma ɗalibai da ke baya, kwafi ɗaya ba ya kai kuɗin datar da kuke ƙonawa a mako. Ku saya. In ka karanta ka ji daɗi, kada ka ɗauki hotonsa shafi-shafi ka tura wa abokai, ka ce musu su je su sayi nasu.

'Ya'yana marubuta, ku ma da naku. Ku riƙa rubuta yarjejeniya da duk wanda zai karanta labarinku a rediyo ko ya mai da shi fim, ko da ɗan'uwanku ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ku ba editoci aikinku su gyara. Na ga ƙa da ka sun yi ta musayar wuri a shafi na farko, har wani ƙato ya koma kato. Ku tsorata mu, amma kada ku koya wa yaro tsafi, kada kuma ku mai da tsohuwa ko mai taɓin hankali mayya don kawai ba su da mai tsaya musu, domin kun san abin da zargin maita ke jawo wa bayin Allah a ƙauyukanmu.

Ina taya ku murna, ina taya iyayenku murna. Allah ya sa albarka a alƙalaminku, ya tsare ku daga sharrin mutum da aljan, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni zan fara: ma'aji, ga kuɗin kwafi goma a hannuna, ka zo ka ƙirga a gaban jama'a, za a kai su ɗakin karatu na makarantar da na koyar. Da wannan nake buɗe taro da sunan Allah, ina kuma gayyatar mai sharhin littafi.