Garka cikin bazara: jawabin malamin lakkol a taron ƙungiya

Maigari, Allah shi ja zamaninka. Liman, Allah shi gafarta malam. Iyayena dattawa, da ƴan uwa da suka sauko daga bida, na Abijan da na Ikko da na Libiya, ina gaishe ku da gajiyar hanya.

Shugaban ƙungiya ya ce in tashi in ba da labarin garkar da ke bayan gidana, tun da rijiyar da nike ban ruwa da ita ta unguwa ce, ba tawa ba. Gaskiya tai. Wanda ya sha ruwan jama'a, dole shi yi ma jama'a bayani.

Mun shiga Afirilu. Salati da shu sun ƙare tun ƙarshen Fabrairu. Abin da ya rage na salati ya yi tsiri ya yi ɗaci, ko awaki sai sun yi shawara kafin su ci. Karoti mun cire. Tumatir na nan tsaye kore shar, amma kada ganyen shi ruɗe ku: fure yake yi, furen na zuba. Haka tumatir yake idan zafi ya wuce digiri 35, mu kuwa yanzu da azahar muna haye 40 cikin inuwa. Masu jin daɗin wanga lokaci su ne kuɓewa da yalo da tonka da zogala.

Albasa ita ce ta fid da ni kunya. Irin Galmi ne, na zuba shi cikin Oktoba, na dasa bayan kwana 45. Da na ga wuyanta ya fara kwantawa sai na yanke mata ruwa kwana goma sha biyu kafin in tona, na bar ta ta sha iska ƙarƙashin ganyenta, yanzu tana cikin rudu. Ban sai da ko kwano ɗaya ba. Kowa ya san yadda kasuwar Galmi da ta Madawa suke a wanga wata: albasa ta yi yawa, mai saye shi ke yanka kuɗi. Wanda ya iya haƙuri har bayan damana, buhun nan sai shi ninka kuɗinsa. Amma albasar da aka cika ma takin zamani, ko aka yi ta ba ta ruwa har ranar tono, ba ta jiran kowa, ruɓewa take yi. Takin awaki da ya kwana biyu na sa ma tawa.

Yanzu ga zancen rumfa, wadda yara ke ce ma ɗakin mushe.

Sa'ad da muke makarantar horon malamai, akwai hoton wani ɗaki na gilashi cikin littafinmu na aikin gona. A Faransa ake yin irinsa. Su can sanyi ke kashe musu shuka, don haka suke gina ɗakin da hasken rana ke shiga, zafi kuwa ba ya samun hanyar fita, su reni iri a ciki kafin ƙanƙara ta narke. Ni da wautata, bara na ce sai na kwaikwaya. Na sayo farar leda na rufe fangali biyu na irin tumatir. Da hantsi na tafi aji, da na dawo azahar na tarar sun dahu kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Tsohuwata ta dube ni ta ce, "To, malam, a kawo gishiri?"

Bana na juya abin. Abokin gabarmu zafi ne, sai mu yi ɗakin da ke korar shi. Na kafa dirka shida, tsawon mutum, na ɗora tsohuwar zana mai ramuka a bisa don haske shi riƙa ɗigowa, na kare gabas da arewa da karan dawa saboda iska, na bar sauran a buɗe. Bisa fangalin tumatir na ɗaura tsohon gidan sauro, domin ƙaramin farin ƙudan nan da ke laɓewa bayan ganye shi ke kawo ciwon da ke murɗe ganyen tumatir. A fili, ƙasa mai faɗin metir ɗaya da tsawon metir ɗaya tana shanye mini wajen litir takwas a yini. Ƙarƙashin rumfa, da ɗan ciyawa da na shimfiɗa, rabin haka ya isa. Ni da ƴan ajina muka auna da gwangwani.

A cikin rumfar akwai leda 300 cike da ƙasa da taki. Dogon yaro da zogala sun tsiro, gwaba da lemun tsami sun fara leƙowa, mangwaro sai ƙwallon bana ya samu. Niyyata kowane gida shi ɗauki biyu ko uku idan ruwa ya zauna, kafin ranar dashen itace ta 3 ga Agusta. Dattawa sun fi ni sanin amfanin wannan. Su suka ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa cikin Majiya a 1975 don tare iska, su kuma suka haƙa rijiyoyin garka bayan farin 1984, lokacin da Shugaba Kunce ya yi kiran a kama noman rani. Rijiyar da muke zance kanta ta wancan zamani ce.

To ga inda gizo ke saƙa. Cikin Janairu gugana na taɓa ruwa a gaba biyar. Jiya sai da na ƙara igiya ta kai gaba shida da rabi, kuma bayan mata sun ɗiba da safe sai laka. Saura wajen wata biyu kafin ruwan sama. Na riga na gaya ma matan unguwa, idan abin ya kai ga zaɓi tsakanin tulunsu da ledojina, tulu ne gaba, itatuwan su mutu.

Na ji wasu cikin ƴan uwanmu na Abijan sun ce za su haɗa kuɗi su sayo inji. Na gode musu, amma ina roƙo su dakata. Inji ba ya ƙara ruwa cikin rijiya. Wanda ke ciki zai zuƙe kafin a gama shan shayi, ga kuɗin mai a kai. Abin da rijiyar ke bukata yasa ce da ƙarin zurfi, da zobe uku na siminti don kada yashi shi rufto. Yanzu ne lokacinta, da ruwa ya yi ƙasa. Idan damana ta faɗi ba mai iya shiga. Aikin hannu samari sun yi alkawari. Siminti da ƙarfe da ladan mai haƙa su suka rage, kuma ma'aji na riƙe da takardar lissafin.

Wanda ke son ganin rumfar, gobe bayan la'asar ina nan. A jawo ƙyauren garkar idan an shiga, awakin Liman ba su da kunya.