Sabuwar Ƙofa a Tsohon Wuri

Sharhinmu na yau daga Wudil tambaya ɗaya ce: in za a yi wa tsohon wurin shaƙatawa sabuwar ƙofa, wace iri ta dace?

Mu ɗauki Gidan Zoo na Kano, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, fiye da shekara hamsin ke nan. Ranar Sallah yara kan yi dafifi a bakinsa, ga rana, ga ƙura. Irin wannan ƙofa aiki gare ta.

Maginan Hausa sun daɗe da sanin maganin, wato zaure. Katanga mai kauri ta tare zafi. Dakali ya ba tsoho wurin zama. Ɗaurin guga ya ɗaga rufi, iska ta zagaya. Ku duba Gidan Makama na Kano, za ku gani.

To, sabuwar ƙofa ta ɗauko wannan hikima. Ta ba da inuwa tukuna. Ta raba hanyar shiga da ta fita. Ta bar wa mai keken guragu hanya. Siminti da hasken sola duk su shigo, amma kada a sare tsofaffin itatuwa.

Ku tuna Ƙofar Na'isa ta birnin Kano. An rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi. An gina sabuwa, amma aikin magabata ya tafi ke nan.

Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil, wannan aiki naku ne. Kafin ku ja layi, ku zauna da tsofaffin magina, ku tambaye su.