Hoton Kayanki Shi Ne Shagonki

  

Yau hirarmu da ke ce, ke da kike sana'a daga cikin ɗakinki. Ko ɗinki kike yi, ko turaren wuta da humra, ko cincin da dambun nama, ko sarin atamfa da mayafai. A da, yarinya ake ɗora wa talla ta zaga gidaje. Yanzu kuwa da yawanmu hoto muke ɗauka mu ɗora a WhatsApp, mai so ta gani ta aiko da kuɗi. To kin ga ke nan hoton nan shi ne shagonki, shi ne kuma 'yar tallarki. In ya fita da kyau an yi ciniki, in ya fita dishi-dishi a wuce shi.

Akwai wata 'yar'uwata da ke sayar da yadi. Ta ɗauki hoton wani farin leshi da daddare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, sai ya fito ruwan madara. Wata ta gani ta saya don anko. Da aka kai mata, ta ce ba shi ta zaɓa ba. Aka mayar da kuɗi, aka yi asarar kuɗin ɗan aike, matar kuma ba ta sake saye a wurinta ba. Ba ta yi niyyar cutar kowa ba, hoto ne ya yi mata ƙarya. Irin wannan ake gyarawa, kuma ba sai kin kashe ko sisi ba.

Gyara tun kafin ɗauka yake farawa. Ki goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, don hannunmu ba ya rabo da maiƙo. Ki fito da kayan bakin ƙofa ko inuwar tsakar gida, da hantsi ko bayan la'asar, ki kashe fitilar kyamara. Ki shimfiɗa zane marar ado ko tabarma mai tsabta ki ɗora a kai. Hausawa suka ce in kina da kyau ki ƙara da wanka, amma fa sai da kyan tukuna.

Sai batun manhaja. Ƙwararru suna aiki da Photoshop, wadda tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da sababbin fitowarta na haya, ana biya wata-wata ko shekara-shekara. Ke ba ki buƙatarta. Wayarki, ko Tecno ce ko itel ko Infinix ko Samsung, ta zo da ma'ajiyar hotuna, kuma a cikinta akwai wurin gyara. Ki buɗe hoton, ki nemi alamar fensir ko wasu 'yan layuka masu ɗigo a ƙasa. Wayoyi da yawa kuma suna zuwa da Google Photos, wadda aka fito da ita a 2015. In kina son abin da ya ɗara wannan, akwai Snapseed, wadda Google ya saya a 2012. Kyauta ce, ba ta da talla, kuma da zarar kin sauke ta, tana aiki ba data. In akwai kwamfuta a gidan, ta maigida ko ta yara, ana iya sa mata GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka suka fara a 1995, har yau kuma kyauta ce.

Abu huɗu kawai nake so ki riƙe. Na farko, yankewa: ki yanke gefe-gefe, a bar kayan kaɗai, ban da bokiti da takalman yara. Na biyu, miƙewa: in hoton ya karkace, akwai wurin juya shi kaɗan-kaɗan har ya daidaita. Na uku, haske: ki ƙara a hankali, da zarar kin ga zanen jikin yadin ya fara ɓacewa, kin wuce gona da iri, ki dawo baya. Na huɗu, launi. Ƙwan lantarki yakan sa hoto ya yi rawaya-rawaya, inuwa kuma takan sa shi shuɗi-shuɗi. Ga wata dabara: ki ajiye farar takarda a gefen kayan kafin ki ɗauka. A Snapseed, wurin daidaita fari akwai alama mai kamar abin ɗiga maganin ido. Ki ɗora ta a kan takardar, sai launin hoton duka ya gyaru, sannan ki yanke takardar ki fitar.

Da kin gama, ki ɗora wayar kusa da kayan ki dubi wannan, ki dubi wancan. In hoton ya fi kayan kyau, ki rage. Nan ne iyakar gyara da algus. Share ƙurar da ta faɗo kan tabarma gyara ne. Share tabon da ke jikin atamfa, ko ƙara wa dambu ja don ya ja ido, wannan ha'inci ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai saye ɗaya da ta ji an cuce ta, sai ta gaya wa duk matan gidan biki.

Kada ki gyara a kan hoton asali. Ki zaɓi ajiye kwafi, domin yawancin hotunan waya nau'in JPEG ne, wanda duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa sai ingancinsa ya ragu. WhatsApp ma yana matse hoto don ya rage cin data, shi ya sa wanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu yake dusashewa. Tun 2023 sun sa alamar HD a sama lokacin turawa, ki taɓa ta in kina son aikin zare ya fito sosai.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, wato sirrin gidanki. Kafin ki tura, ki buɗa hoton da yatsu biyu ki duba kowane lungu. Madubin sif, gilashin kabet, har murfin tukunya mai sheƙi, duk suna iya nuno ki ba lulluɓi, ko su nuno gadonki. Ki yanke, ko ki sake ɗauka. Hoto in ya fita ya fita, ko kin goge naki, wata ta riga ta ajiye. Sannan in an kunna wa kyamara alamar wuri, tana rubuta inda aka ɗauki hoton a ɓoye cikinsa, kuma in kika tura shi a matsayin fayil, da wannan bayanin zai tafi. Ki shiga saitin kyamara ki kashe, ko ki sa wani na gida ya kashe miki.

Ki kuma yi hattara da manhajojin da ke cewa kyauta ne na 'yan kwanaki, amma sai kin sa lambar katin banki. In kwanakin suka cika ba ki soke ba, cirar kuɗi za su fara. Wadda kuma ta nemi izinin ganin lambobin mutanenki ko saƙonninki, ki tambayi kanki, me ya haɗa gyaran hoto da lambar ƙanwata? Ki cire ta kawai.

Aikin da zan ba ki a wannan mako shi ne, ki ɗauki abu ɗaya cikin kayan sana'arki, ki yi masa hoto gobe da hantsi a bakin ƙofa, ki bi matakan nan huɗu, sannan ki nuna wa wata a gidan hoton da kayan tare, ki ce ta faɗa miki gaskiya. In ta ce ɗaya suke, to kin iya.

Nan za mu dasa aya. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya rufa mana asiri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.