Tsayuwa Kafin Bugu: Jawabi Kan Wasan Golf



Mun lura yawancin masu koyon golf da ƙarfin damtse suke taƙama, alhali tun ba a ɗaga sanda ba tsayuwa ta riga ta nuna wa ƙwallo inda za ta nufa. Ba banza ba Ben Hogan, gwanin nan na Amurka, ya keɓe wa tsayuwa darasi guda cikin darussa biyar na littafinsa na 1957.

To, mu buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗu, mu ɗan sassauta gwiwoyi, sa'an nan mu sunkuya daga ƙugu, gadon baya a miƙe. Nan fa gizo ke saƙar. Wanda ya ranƙwafa kamar mai noma da fartanya ba zai iya juya kafaɗunsa sosai ba. Bugu ya karkace, ga kuma ciwon baya, balle ma'aikacin da ya yini zaune a ofis. Hannuwa kuwa mu bar su su sauko da kansu. Mu ɗan ɗaga haɓa, domin kafaɗar hagu, ga mai bugu da dama, ta sami hanyar wucewa ƙarƙashinta. Kada nauyin jiki ya koma dunduniya.

Gyaran nan ba ya bukatar fili ko kuɗin kulob. Madubin ɗakin kwana ya ishe mu, ko da minti biyar ne kowace safiya.